Baya ko Gida? Neman Sunan Laifin Layin Tsakiya a Ƙwallon Kwando

Yaron da ya tashi a Talatar Mafara, ko Bakura, ko Maradun ba ya bukatar tafinta a ƙwallon ƙafa. Rediyo da gidajen kallo sun daɗe da gama wannan aiki. Ya san satar gida, ya san bugun kusurwa, ya san bugun daga kai sai mai tsaron gida, kuma in ɗan baya ya kuskure ya zura wa golansu, kowa zai ce ya ci gida. Sunayen sun zauna daram, har an manta wani ne ya fara ƙirƙiro su. Ƙwallon kwando bai samu wannan gata ba. Sunan wasan kaɗai aka ɗinka wa rigar Hausa, shi ma kwandon da ake faɗa ya ɓace tun zamanin kakanni. Kwandunan 'ya'yan itace ne guda 2 James Naismith ya sa aka kafe a ɗakin motsa jiki a Springfield ta Amurka a 1891. Yau zoben ƙarfe ne da raga mai ɓulallen gindi, amma sunan ya ƙi sauka. Sauran kalmomin wasan kuwa duk aro ne da baki ya tauna ya lanƙwasa: fawul, tirabilin, bakkot.

Wannan na ƙarshe shi ne mai jawo ka-ce-na-ce. A yankinmu ƙwallon kwando wasan makaranta ne. Ba a cika samunsa a dandali ko bakin kasuwa ba, sai inda aka zuba siminti aka kafa ƙarfe, wato makarantun sakandare da manyan makarantu, inda ɗalibai daga garuruwa daban-daban ke haɗuwa, kamar yadda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ke tara su a Talatar Mafara. Mai riƙe da usur galibi malamin wasanni ne, wanda ƙwallon ƙafa ya fi zama a jininsa. Wuraren da wasan ya yi jijiya a Arewa suna can Zariya da Kano da Kaduna. A Zariya Masai Ujiri ya tashi ya koyi wasan, shi ne kuma ya shugabanci Toronto Raptors har ta ɗauki kofin NBA a 2019. A Kano akwai Kano Pillars ta ƙwallon kwando, wadda ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Daga irin waɗannan wurare kalmomin ke gangarowa, a bakin ɗalibi ko ɗan hidimar ƙasa, su iso mana babu bayaninsu a haɗe.

Bakkot, in aka warware shi, filin baya ke nan. Sai dai a bakin masu wasan abu uku yake nufi. Yana nufin rabin filin da kwandon da kuke karewa yake. Yana nufin laifin mayar da ƙwallo cikin wannan rabin bayan an haye da ita. Kuma masu sharhi a talabijin suna kiran 'yan wasa 2 da ke ɗauko ƙwallo daga baya su raba ta da wannan suna, ko da a ƙarƙashin kwandon abokan hamayya suke tsaye. Ga kuma dokar daƙiƙa 8, wadda wasu ke cusa ta ƙarƙashin sunan saboda ita ma a rabin baya take faruwa. Alƙalin da ya busa ya ce "bakkot" bai faɗi wanne yake nufi ba, ɗan wasan da aka busa wa shi ma bai koyi komai ba.

Dokokin biyu tagwaye ne, kuma cuta ɗaya suka zo magani. A farkon shekarun 1930 aka shata layin tsakiya a wasannin jami'o'in Amurka, domin ƙungiyar da ta samu rinjaye takan kwashe ƙwallo ta koma can ƙarshen fili ta yi ta jefa wa juna har lokaci ya ƙare. Sai aka ce a haye layin cikin daƙiƙa 10, in an haye kuma ba komawa. Wannan bai kashe jan ƙafa gaba ɗaya ba: a watan Nuwamba na 1950 Fort Wayne Pistons ta doke Minneapolis Lakers da ci 19 da 18, wasan da ya sa 'yan kallo hamma, sai a 1954 NBA ta kawo agogon daƙiƙa 24. Hukumar FIBA, wadda aka kafa a Janeba a 1932 kuma Najeriya ke bin dokokinta, ta rage daƙiƙa 10 zuwa 8 a shekarar 2000. A littafinta sashe na 28 ne ke maganar daƙiƙa 8, sashe na 30 kuma ke maganar ƙwallon da aka mayar baya.

To wane suna za mu ba laifin? Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne "komawa baya", kuma shi 'yan kallo ke ihu da shi. Matsalarsa biyu ce. Ta farko, baya a Hausa bayan mutum ne. Ɗan wasa na iya juya wa kwando baya ya jefa ƙwallo ta bayansa, ko ya ja da baya taku 5, duk bai yi laifi ba muddin yana cikin rabin gaba. Filin FIBA tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, saboda haka kowane rabi akwai wajen mita 14 na kai da komo. Ta biyu ta fi muni. "Koma" fi'ili ne da ba ya neman wanda ya aikata. Ƙwallo ta koma. Wa ya kai ta? Sunan bai tambaya ba, alhali dokar kacokan a kan wannan tambaya take tsaye. Alƙalin da ya ɗauki "komawa baya" a kansa zai riƙa busa duk lokacin da ya ga ƙwallo ta tsallaka layi ta dawo, kuma da yawa daga cikin busar nan zalunci ne.

Wasu malaman da ƙwallon ƙafa ya rena sukan ce ai wannan shi ne satar gidan ƙwallon kwando. Ba su haɗa hanya ba. Mai satar gida gidan wasu ya laɓaɓa ya shiga kafin lokaci. Wannan kuwa nasa gidan ya gudo. Amma cikin kuskuren akwai kalmar da muke nema, wato gida. Bahaushe ya riga ya san gida a fili: inda kake tsaro, inda in aka zura maka an ci ka. Gida ba ya bin fuskar mutum, ƙungiya yake bi. Rabin da yake gidanku shi ne gaban abokan hamayyarku, kuma in an dawo daga hutun rabin lokaci an sauya kwando, gida ya tashi ya koma ɗaya ɓangaren ba tare da kowa ya rikice ba. Littafin FIBA ma haka ya ɗauki abin: kwandon da kuke karewa shi ne naku, wanda kuke kai wa hari na abokan hamayya ne. Dokokin makarantun Amurka sun juya shi, a wurinsu kwandonka shi ne wanda kake jefawa a ciki. Duk wanda ya tsinci bayani a intanet bai duba daga ina ya fito ba, nan zai fara tuntuɓe.

Gida ma ba ya rasa tabo. Akwai masu gida da baƙi a kowane wasa, mai neman rigima zai ce in baƙi sun mayar da ƙwallo gida, garinsu suka kai ta? Wannan raha ce ta bakin fili, ba ta taɓa rikita kowa a ƙwallon ƙafa ba. Ni dai a ganina sunan da ya fi cika shi ne mayar da ƙwallo gida, ko kamar yadda harshen Zamfara zai ce, maida ƙwallo gida. "Mayar" yana ɗauke da abu biyu da "koma" ya zubar. Ba a mayar da abin da bai fita ba, kuma dole akwai mai mayarwa. Maƙwabtanmu na Maraɗi da ke wasa da Faransanci suna cewa retour en zone, komawa yanki, su ma nasu bai ambaci mai laifi ba. Amurkawa a bakin fili kan ce an haye an dawo, wanda ya kama rabin farko na maganar ya saki na biyu.

A ɗauki rabin farkon: yaushe ƙwallo ta bar gida? Nan ne aka fi yi wa yara busar banza. Layin tsakiya faɗinsa santimita 5 ne, kuma ba a raba shi biyu. Duk manomin da ke da fili a ƙarƙashin madatsar Bakolori ya san kunyar da ke tsakanin gona da gona ita ke haddasa faɗa, sai an yanke ta wa ce kafin a zauna lafiya. Dokar ta yanke: layin na gida ne. Ga kowace ƙungiya, taka layi daidai yake da tsayawa a gidanta. Rabin gaba yana farawa ne daga bakin layin na can ɓangaren.

Mai tafe yana buga ƙwallo a ƙasa bai haye ba sai abu 3 sun haye: ƙafar dama, ƙafar hagu, da ƙwallon. A ce yaro ya iso layi, mai tsaro ya tare shi, ƙafarsa ɗaya ta wuce, ƙwallon ma ta wuce, ɗaya ƙafar na kan farin fenti. Ya ga ba hanya, ya janyo ƙafarsa ya koma taku biyu. Bakin fili zai ɗauki ihu, "Ta koma baya! Alƙali, ba ka gani?" Alƙalin da ya san aikinsa ba zai ko ɗaga usur ba. Yaron bai bar gida ba balle ya mayar da wani abu. Abin da ke cin sa shi ne lokaci, domin ƙirgen daƙiƙa 8 bai tsaya ba, kuma wannan ƙirge yana wuyan alƙalin da ke biye da wasa daga baya.

Ga wani wuri da tsayuwa iri ɗaya ke haifar da hukunci biyu. Ɗan wasa ya raba ƙafa a kan layi, ɗaya a gida ɗaya a gaba. In daga gida aka miƙo masa ƙwallo, yana iya cafewa ya sake mayar wa wanda ya ba shi, babu laifi, tunda ƙwallon ba ta taɓa zama a gaba ba. In kuwa daga gaba aka miƙo masa, da zarar ta taɓa hannunsa an busa, domin wani sashe na jikinsa na gida. Mai kallon ƙafa kaɗai ba zai ga bambanci ba. Sai wanda ya riƙe a ransa daga ina ƙwallon ta taso.

Rabi na biyu, wa ya mayar, ya rataya ne a kan wata kalma da ita ma ba mu daidaita ta ba. Littafin yana maganar ƙungiyar da ƙwallo ke ƙarƙashin ikonta. Iko ya yi kama da maganar sarauta, mallaka ta yi nauyi. Riƙo ya fi kusa, in dai an fahimci riƙon ƙungiya ake nufi, ba na tafin hannu ba. Ƙwallon da ke sama tsakanin ɗan wasa da ɗan'uwansa tana riƙon ƙungiyarsu. Wadda mai tsaro ya doke ta gangara ƙasa, har yanzu tana riƙonsu, domin taɓawa ba riƙo ba ce. Riƙo yana yankewa ne in abokan hamayya sun kama ta sosai, ko wasa ya tsaya, ko ta bar hannun mai jefawa kwando.

Daga nan sharuɗɗan suke fitowa. Ƙwallo tana riƙonku a gaba, naku ne na ƙarshen taɓa ta a gaba, naku ne kuma na farkon taɓa ta a gida. In ɗaya ya faɗi, babu laifi. Mai tsaro ya sa hannu ya doke ƙwallo ta gangara gidanku, ku bi ta ku ɗauko, halal ce, sai dai agogon 24 bai koma farko ba. Amma in ya doke ta, ta bugi gwiwar ɗan wasanku a gaba sannan ta gangara, kuka riga kowa taɓa ta, an kama ku. Wannan hukunci yana da ɗaci, kuma shi ne wanda koci zai taso wa alƙali a kai.

"Malam, mi yay yi? Ai wancan yaron na yab buge ta!"

"Ya buge ta, Koci, amma ƙahwar yaronka tat taɓa daga baya. Ku na kunka maishe ta gida."

Amsar ta ƙare a numfashi ɗaya, kuma ta faɗi dokar gaba ɗaya. Da "bakkot" ya ce, da sai a kwana ana musu.

Haka in an jefa ƙwallo kwando ta daki zobe, ɗan wasanku ya yi tsalle ya mare ta da ƙarfi har ta faɗa gida, ɗan'uwansa ya ɗauka. Ido zai ce laifi ne ƙarara: naku ya taɓa a gaba, naku ya taɓa a gida. Amma tun da ƙwallon ta bar hannun mai jefawa ba ta riƙon kowa, mari kuma ba kamu ba ne. Ba a busa.

Sai maganar wanda ke sama. Mutum a iska ɗan ina ne? Doka ta ce ɗan inda ƙafarsa ta taka na ƙarshe. Wanda ya taso daga gida ya yi tsalle, ya cafe ƙwallon da ɗan'uwansa ya jefo daga gaba, ya dira a gaba, ya yi laifi duk da kowa ya ga inda ya sauka. Lokacin da ya taɓa ƙwallon ɗan gida ne. An yi togiya guda: mai tsaron da ya taso daga gabansu ya sace fasin a iska ya dira a gidansu bai yi laifi ba, tunda riƙon sabo ne, a sama aka haife shi, kuma ba a iya ce wa mutum ya tsaya a iska. Alƙali ma ana lissafa shi kamar ƙasan da yake tsaye a kai. Ƙwallon da ta buge shi yana tsaye a gidanku ta taɓa gidanku ke nan.

Na yi ta cewa laifi, amma kalmar na bukatar tsefewa. Wasan ya raba saɓo gida biyu, Hausa kuma ta tanadi kalmomi biyu da ƙugiya kaɗai ta raba su a rubutu: keta da ƙeta. Keta doka ita ce saɓa ƙa'idar tafiyar da ƙwallo, kamar taku fiye da kima, ko wuce daƙiƙa 8, ko mayar da ƙwallo gida. Hukuncinta a karɓe ƙwallo a ba abokan hamayya, shi ke nan. Ƙeta kuwa, wadda yara ke kira fawul, ita ce turi da riƙo da duka, ana rubuta ta a gaban sunan ɗan wasa, in ta kai 5 a dokar FIBA ya fita. Mai rubutu a tebur da ya ji alƙali ya ce "laifi" kawai yana iya ɗora wa yaro abin da bai ci ba. Mayar da ƙwallo gida keta ce, ko sau nawa aka yi ba ta fitar da kowa daga wasa.

Akwai dalilin da ya sa wannan doka ke wahalar da yaranmu fiye da sauran. Sau da yawa kwando ɗaya ne ke da rai a filin makaranta, ɗayan zoben ya karye ko allon ya ruɓe. Sai a taru a rabi guda. A irin wannan wasa, wanda yanzu ya zama gasa mai zaman kanta ta mutum uku-uku har ta shiga wasannin Olamfik na Tokyo, babu layin tsakiya sam. In kun ƙwace ƙwallo, wajibi ne ku fitar da ita bayan layin nan mai lanƙwasa kafin ku kai hari. Yaron da ya shekara yana jin "fitar da ita baya" a matsayin umarni, ranar da aka kai shi gasa a cikakken fili sai ya tarar baya ta zama haram. Da an ce masa gida, da ya gane wani abu ne daban, domin a wasan kwando ɗaya ba wanda ke da gida.

Talabijin ma na ƙara dagula lissafi. Wanda ya saba kallon NBA ya sha ganin an jefo ƙwallo daga gefen fili a gaba zuwa can baya a mintuna 2 na ƙarshe, ba a busa ba. Dokarsu ta yarda. Ta FIBA, wadda 'yan wasan Najeriya maza, D'Tigers, suka ci kofin Afirka da ita a Tunisiya a 2015, kuma takwarorinsu mata, D'Tigress, suka kai zagayen kwata fainal da ita a Olamfik na Paris a 2024, ba ta yarda ba. Jifan da aka ba ku a gaba, a gaba zai tsaya. Inda aka sassauta shi ne jifan buɗe zango na 2 da na 3 da na 4, wanda ake yi a daidai layin tsakiya, mai jifa ya raba ƙafa a kan tsawon layin da ya ɗan zarce gefen fili, ya jefa duk inda ya ga dama.

Alamar hannu ita kaɗai ce ba ta bukatar fassara. Alƙali ya busa, ya ɗaga tafin hannu a buɗe don tsayar da agogo, sannan ya miƙe manuniya ya kaɗa hannunsa a gaban jikinsa, nan da can, kamar mai nuna ɓangarorin layin biyu, ya ƙare da nuna inda wasa zai dosa. Buɗaɗɗen tafi na keta ne, dunƙulallen hannu na ƙeta. Abokan hamayya za su jefo ƙwallo daga gefe, a wuri mafi kusa da inda abin ya faru, ban da daidai bayan allo. Wurin kuwa gabansu ne, saboda haka su ma daga wannan jifa ba su da damar waiwayar nasu gidan.